Yadda Za Ka Gane Barcin Mafarki Ka Kuma Sami Rabonka a Cikinsa

Idan kana son ganin wannan barci da idonka, ka jira jariri ya yi barci, sannan ka ƙura wa fatar idanunsa ido. Za ka ga ƙwayar idon tana kai da komowa da sauri a ƙarƙashinta, numfashinsa yana hawa yana sauka ba bisa tsari ba, wani lokaci har ya ɗan yi murmushi. Wannan shi ne matakin barci da masana suke kira REM a taƙaice da Turanci, wato barcin saurin motsin ido, wanda Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman suka fara bayyanawa a Jami'ar Shikago ta Amurka a shekarar 1953. Kusan rabin barcin sabon haihuwa a wannan mataki yake, alhali na babba bai wuce kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari ba.

A wannan lokaci ƙwaƙwalwa tana aiki kamar ta wanda yake farke, kuma a nan ake yin mafi yawan mafarkan da ake tunawa, amma tsokokin hannu da ƙafa sukan saki sarai domin kada mai barci ya aikata abin da yake gani. Wanda ya farka kafin jikinsa ya dawo daidai, shi ne ake cewa dannau ya danne shi. Idan ya same ka, kada ka firgita. Ka daidaita numfashinka, ka yi ƙoƙarin motsa yatsa ɗaya, domin ba ya daɗewa.

Wannan mataki yakan fara zuwa kimanin minti 90 bayan barci ya ɗauke mutum, na farkon gajere ne, masu tsawon kuwa sai gab da asuba. Saboda haka wanda ya raba dare yana hira a teburin mai shayi a Gombe, sannan ya tashi sallar asuba, wannan kason ne ya fi yankewa. Ka kwanta kafin ƙarfe goma, ka kuma bar goro da shayi mai kauri tun daga la'asar. Da bazara, ka buɗe taga ko ka ɗaura gidan sauro a tsakar gida, domin jiki ba ya iya daidaita zafinsa sosai a wannan mataki, zafi kuma yakan katse shi.

Wanda kuwa yake yawan kai naushi ko shuri yana cikin mafarki, musamman dattijo, a kai shi ga likita, ko da a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ne.