Yadda za ka kai fim ɗinka silima a Kano ba tare da jarinka ya ƙone ba

Wannan maganar da ku nake, ƙananan furodusoshi da matasan daraktocin da ke zaune a ofisoshin titin Gidan Zoo kuna ta mafarkin ganin aikinku a babban allo maimakon a yayyanka shi a zuba a YouTube. Ni ma burina kenan wallahi, ina so in ga ranar da magidanci zai kwaso iyalinsa ranar Asabar su zo su zauna su kalli fim ɗin Hausa a silima hankali kwance, shi ya sa raina yake ɓaci in na ga yaro ya sayar da fili ko ya ci bashin yayarsa ya yi fim, an haska sati ɗaya an sauke, ko kuɗin fosta bai mayar ba, daga nan kuma ya rantse shi da silima har abada.

Toh abu na farko, tun kafin ka kira marubuci ma, ɗauko biro da takarda. Tunda fim ɗin Funke Akindele, A Tribe Called Judah, ya haura naira biliyan 1 a watan Janairun 2024, wanda shi ne fim ɗin Najeriya na farko da ya taɓa yin haka a silima, kowa ya ɗauka kuɗi na nan zube sai kwasa. Amma ka tuna a gidajen silima masu yawa aka tara kuɗin nan, yawancinsu a Legas da sauran biranen kudu da kuma Abuja, kuma a lokacin hutun Disamba, sannan adadin da ake faɗa kuɗin tikiti ne gaba ɗaya kafin kowa ya ciri nasa. Kai kuma allo nawa gare ka a Kano? Ga misali, lambobin ni na ƙirƙiro su, kai ka sa na gaskiya idan ka je ka tambayo: a ce ɗakin yana cin mutum 100, tikiti naira 3,000, an ba ka haskawa uku a rana har sati biyu. In kullum ɗakin ya cika maƙil ka sayar da tikiti 4,200 kenan, naira miliyan 12.6. Amma ɗaki ba ya cika ranar Talata da azahar, don haka yi lissafi da kashi ɗaya cikin uku, tikiti 1,400, miliyan 4.2. Cire harajin VAT na kashi 7.5, sannan a ce gidan silima ya ɗauki rabi, kaga abin da zai shigo hannunka bai kai miliyan 2 ba, kuma ba a yi maganar kuɗin talla ba tukuna, ba a yi maganar mai rarrabawa ba in akwai shi a tsakani. In ka kashe miliyan 15 a fim ɗin kana jiran silima kaɗai ta dawo maka da ita, ka riga ka faɗi tun ba a ɗora kyamara ba.

Ba ina cewa kar ka je ba ne. Ina cewa ka ɗauki silima a matsayin ƙofar farko, ka tsara sauran ƙofofin tun yanzu: bayan an sauke wace manhajar kallon fim ce za ta saya, wane gidan talbijin, sai can ƙarshe YouTube. Da can kasuwar Ƙofar Wambai ce ke riƙe da masana'antar nan, ɗan kasuwa ya karɓi fim ya buga kaset ko sidi ya watsa har Nijar da Ghana da Kamaru, toh wannan kasuwar ta mutu, masu tura fim a waya da intanet sun gama da ita, mutane kuma sun saba da fim mai dogon zango kyauta duk sati. Saboda haka in mai kallo ya san bayan sati biyu zai gan shi a wayarsa, ba zai biya kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa da tikiti da gugguru ba. Ka bar tazara ta watanni, kuma ka faɗa a tallarka ƙarara cewa a silima kawai ake ganinsa yanzu, sannan ka cika alkawarin.

Yanzu ga inda na fi so ka tsaya, wato sauti. Mu a nan duk kuɗin a kan kyamara da kayan sawa da hayan gida mai bene yake ƙarewa, mai ɗaukar sauti kuwa sai a ce wani yaro ya riƙe sandar kawai. A waya ba a ganewa. Amma ka shiga ɗakin silima a kashe fitila, lasifika ta kewaye ka ta ko'ina, uwa tana yi wa ɗiyarta nasiha ana so mutane su yi hawaye, sai ga ƙugin janareton lokeshan a ƙasa yana ta gurnani, can kuma hon ɗin ɗan adaidaita, da aka juya kyamara kan ɗiyar kuma sai ƙarar ta canja gaba ɗaya saboda an kashe fanka, muryarta ta yi ƙasa har sai ka miƙa wuya, kana cikin haka waƙa ta faɗo da ƙarfin da sai ka toshe kunne. Daga nan za ka fara ganin hasken wayoyi a layin baya, an bar kallo an koma hira. Ka ware wa sauti kuɗinsa daban, ka ɗauki wanda aikinsa kenan, a kai janareto nesa da dogon waya, a ɗauki shirun kowane ɗaki na minti ɗaya don mai editin ya samu abin cike gurbi, in an gama kuma a kai wa mai haɗa sauti ya daidaita magana da kiɗa. Kuma dan Allah kar ka ɗauko shirin da ka yi don YouTube ka harhaɗa shi ka ce fim ne, tafiyarsu ba ɗaya ba ce, wanda ya biya tikiti yana son labari ya fara ya ƙare cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Waƙa in labarin ya nema a sa, in bai nema ba ka sake ta daban ta yi maka talla.

Sai tacewa. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano tana nan tun 2001 kuma ba ta wasa, a watan Mayun 2025 ta dakatar da fina-finai masu dogon zango har 22 saboda ba a kai mata ta duba kafin a saki ba, har da manya-manyan da kowa ya sani. In kana son haskawa a Kaduna ko Abuja kuma akwai ta tarayya, NFVCB, ita ma da takardarta. Kar ka buga fosta da rana a jiki sai takarda ta zo hannunka, don in aka ce ka cire wani sin ko ka gyara, kana buƙatar lokacin komawa editin.

Daga nan ka taka da ƙafarka zuwa gidajen silimar da ke aiki, ka zauna da manaja, kuma duk abin da kuka yi a rubuta a sa hannu, ko da abokinka ne, ko da tare kuka yi makarantar allo. Kaso nawa ne naka a satin farko, nawa ne a na biyu, domin a tsarin silima yawanci kason mai fim raguwa yake yi in sati ya ƙaru. Bayan an cire haraji ake rabawa ko kafin. Wane lokaci za a ba ka, wannan ma ya fi kason muhimmanci a wurina, don in aka jefa ka sha biyun rana aka ba fim ɗin Amurka ko na Indiya yamma, an kashe ka ne a tsaye. Tikiti nawa in ba ka kai ba za a sauke ka. Yaushe za a biya ka. Sannan a riƙa turo maka rahoton tikiti kullum, kai ma ka ajiye mutum ɗaya amintacce a bakin ƙofa yana ƙirga kai, ba don zargi ba, don lissafi ya zama ɗaya. Ka tambaye su irin fayil ɗin da injinsu yake karɓa, wasu sai DCP, wato fayil na musamman da ake yi don injin silima, kuma ka roƙi a gwada maka a ɗakin da safe kwana biyu ko uku kafin ranar, ka zauna a gaba ka koma baya ka saurara, a nan za ka ga ko hoton ya yi duhu ko an yanke kawunan mutane.

Satar fim kuwa sau da yawa ba daga cikin silima take fitowa ba, daga hannun mutanenka ne, kwafin da aka tura wa jarumi ya gani, ko wanda aka bari a kwamfutar editin. Kar ka tura wa kowa cikakken fim a waya, duk wanda ya zama dole a ba shi a rubuta sunansa a jikin hoton.

Maganar rana. Kowa ya san Sallah ce kakar silima a garin nan, ƙarama da babba, mutane da sabbin kaya da ɗan kuɗin yawon Sallah a aljihu suna neman wurin zuwa, sai dai kowa ita yake hari, in babban furodusa mai manyan jarumai ya riga ya kama satin, gara ka matsa sati biyu gaba da ka shiga a danne ka. Azumi kar ma ka fara. Disamba finafinan kudu da na waje sun cika allo. Ka duba jadawalin ƙwallo, ranar da manyan kulob ɗin Ingila ko Sifen za su kara samarin da kake jira suna gidan kallon ƙwallo. Kuma ka lura da sallah, fim ɗin da ya fara bayan la'asar ya ƙare kafin magariba shi ne na mata da 'yan mata da iyali, wanda zai kai goman dare kuwa ka san ba kowane gida ne zai bar 'yarsa ba.

Wannan ya kawo ni kan abin da 'yan kudu ba sa fama da shi mu muke fama. Silima ta daɗe a Kano, an buɗe Rex tun 1937, aka yi su Palace da Plaza da Orion da Eldorado da Marhaba, amma tun farko da tabo ta shigo, malamai sun yi adawa sosai lokacin da aka gina Palace a cikin birni, ga gobarar silimar El Duniya ta 1951 da ta ci mutum sama da 300 wadda da yawa suka ɗauka ishara ce, daga baya kuma gidajen suka zama matattarar 'yan shaye-shaye, har ya zama in an ce wane ɗan silima ne ba yabo ba ne. Sai da aka buɗe Filmhouse a Ado Bayero Mall sannan mata da iyalai suka fara shiga da sakin jiki, kuma matan nan su ne suka riƙe finafinan Hausa a wurin. Don haka tallarka ba wai ta nuna fim ɗin ya haɗu kawai ba, dole ta kwantar wa uba da miji hankali: ka nuna wurin a bidiyo, ka faɗi lokacin farawa da na tashi, ka faɗi cewa an tace, ka faɗi akwai wurin sallah in akwai. Ka shiga rediyo, har yanzu Kano garin rediyo ne, TikTok da Instagram na kawo matasa amma rediyo ce ke shiga cikin gida. Jarumanka kuma ka sa a yarjejeniyarsu tun farko cewa za su zo silima, ba ranar farko kaɗai ba, a rarraba su, wannan Juma'a wancan Lahadi, mutane da yawa don su gaisa da jarumi su ɗau hoto suke zuwa. Tikitin kyauta ka taƙaita, ɗaki ya cika da 'yan gayyar soɗi ba ciniki ba ne.

Kyaututtuka kuma, tun a lokeshan ake shirya musu ba bayan an gama ba. Fassarar Turanci ta ƙasan allo ita ce ta fi kayar da mu, alƙalin da ba ya jin Hausa da ita kaɗai zai auna labarinka, ka biya wanda ya iya harsunan biyu da gaske, ya san yadda zai yi da karin magana da habaici, wani daban kuma ya sake dubawa. Ka ajiye fayil mai inganci, da tirela, da hotunan aiki, da takardar izinin duk kiɗan da ka sa. Akwai gasar finafinan Afirka ta AMVCA da aka fara 2013, akwai irinta AMAA tun 2005, akwai bikin Zuma na Hukumar Fina-finai ta Najeriya wadda Ali Nuhu ke shugabanta tun Janairun 2024, ga KILAF nan gida Kano na finafinan harsunan Afirka, ka fara da na kusa. Har Oscar ma, a rukunin finafinan ƙasashen waje da ba na Turanci ba, Hausa ba cikas ba ce, riba ce: an cire Lionheart a 2019 saboda Turanci ya yi yawa a ciki, bayansa Najeriya ta tura The Milkmaid wanda yawancinsa Hausa ne, a 2024 kuma ta tura Mai Martaba. Ba su kai ga shiga jerin ƙarshe ba, amma an ga hanya. Kuma daga cikin sharuɗɗan rukunin akwai a haska fim a silima kwana bakwai a jere ana sayar da tikiti, kaga ko don wannan ka adana rahoton tikitinka da takardar gidan silima.

Kambu ba ya cika ɗaki a Kano, wanda ya zo kallo bai damu da shi ba, amfaninsa yana wurin ciniki da gidan talbijin ko manhaja da kuma mai zuba jari a fim na gaba. Wanda duk ya kira ka ya ce an zaɓe ka amma ka turo kuɗin teburi ko na kambun kafin a ba ka, ka ba shi haƙuri, kuɗin nan ka ƙara wa mai haɗa sauti ko ka sayi ƙarin sati ɗaya na talla a rediyo.