In ɗan gidanku zai yi gudun kuros-kantiri, ga shawara

Salam 'yan uwa. Ƙanina yana wannan gudun yada ƙanin wani na cikin daji a Jos, na sha raka shi, shi ya sa na ce bari in ɗan faɗa muku abin da na koya.

Don Allah kar ku je ku kafe a wajen da ake gamawa kawai. Yawanci zagaye ake yi, kamar kilomita 2 kowane zagaye, manya suna yin kilomita 10, kun ga zai wuce ta gabanku kusan sau biyar kenan. Ni gindin hawa nake nema in tsaya, nan ne ƙafa ke yin nauyi, za ka ga yaro ya sunkuyar da kai bakinsa ya bushe fari fat, to a nan ka kira sunansa da ƙarfi ka ce saura kaɗan, wallahi sai ka ga ya miƙe. Kuma ka faɗa masa na nawa ne, tunda a wannan gudun matsayi ake ƙirga wa tim ɗinsu. Amma kar ka bi shi da gudu a gefe, za a iya cire shi saboda kai.

Abinci kuma ya ci da wuri, awa uku kafin a tashi, koko ko shayi da burodi ya isa, banda mai maiƙo. Ku riƙe masa ruwa da ayaba da rigar sanyi da silifas, sanyin Jos lokacin hunturu da zufa ta bushe sai ya fara karkarwa. In ya gama a bar shi ya ɗan tattaka ya dawo numfashinsa tukuna kafin a fara hoto.