Yadda na yi da altaneta ta mutu a sama

Ina ƙafa 4,500 ina tuƙa ƙaramin jirgin sama Cessna 172 sai jar fitilar ƙarancin wuta ta kama, allurar amita, mai nuna ko batir na samun caji, ta karkata hagu. Gabana ya faɗi, amma injin ko tari bai yi ba, don maganeto, na'urar da ke samar da wutar kanta, ke ba shi tartsatsi, ba ruwansa da batir.

Na kashe makunnin altaneta, wadda ke cajin batir, na sake kunnawa, shiru. Sai na kashe ta, na kashe fitilu, na bar rediyo ɗaya. Na sanar da hasumiyar kula da jirage, na nufi fili mafi kusa. Ragowar batir na tanadar wa filaf, sassan bayan fiffike da ake saukarwa lokacin sauka, don da lantarki suke aiki.

Ashe bel ɗin da ke juya altaneta ne ya tsinke. Sai da makaniki ya cire farfela kafin sabo ya shiga.