Yadda Ake Kai Yara Filin Zamiyar Ƙanƙara Karo na Farko

Yawancin kukan yara a filin zamiyar ƙanƙara ba faɗuwa ke jawo shi ba. Takalmi ne da bai zauna a ƙafa ba, sai yatsun hannu da sanyi ya ƙandarar. Duka biyun tun kafin a taka ƙanƙara ake maganinsu.

Ƙanƙarar filin cikin gini ba ta da kauri, santimita 3 zuwa 4 ce, a kan daɓen siminti da bututan sanyi ke ratsawa suna riƙe ta a wajen digiri 4 ko 5 ƙasa da sifiri. Iskar ɗakin ba ta kai haka sanyi ba, sau da yawa digiri 10 zuwa 15 ce. Don haka kada ku naɗe yaro har ya kasa ɗaga hannu. Riguna marasa nauyi biyu ko uku sun fi ƙatuwar rigar sanyi guda, domin minti goma da fara motsi zai yi gumi, sai a cire ɗaya. Wando ya zama dogo, wanda zai bari a lanƙwasa gwiwa. Jins idan ya jiƙe ba ya saurin bushewa, sai ya manne a cinya da sanyinsa. Duk abin da ke jan ƙasa ko reto a tattare shi, don siririn ƙarfen da ke ƙasan takalmin zamiya yana kama shi.

Safar hannu dole ce, kuma ba don sanyi kaɗai ba: hannun da ke ƙasa yana kusa da ƙarafen takalman wasu. Ku zo da ta canji. Hular kwano ma kada a yi jayayya a kanta, ko ta keke ce ta fi babu. A ƙasa busasshiya yaro yana tare faɗuwa da hannu, a kan ƙanƙara kuwa hannun zamewa yake yi, sai goshi ko haɓa su ƙarasa.

Sai takalmi, wanda shi ne rabin aikin. Safa ɗaya tak, siririya, doguwa har ta wuce bakin takalmin. Iyaye da yawa kan jera biyu don ɗumi, amma ninkin yana sa ƙafa yawo a ciki, ya tayar da bororo, ya kuma matse jini har yatsu su ƙara sanyi. A wurin karɓar haya ku fara da lambar da yaro ke sawa kullum, kada ku ƙara masa girma. Ya buga dunduniya ta zauna can baya, sannan ya miƙe: yatsu su ɗan shafi gaba ba tare da sun lanƙwashe ba, dunduniya kuma kada ta ɗaga. Wajen ɗauri, ku sassauta igiya kaɗan a kan yatsu, ku ja ta sosai daidai lanƙwasar idon sawu, ku bi ƙugiyoyin sama duka, a ƙarshe yatsanku ɗaya ya iya shiga tsakanin bakin takalmi da ƙwauri. Kada a zagaya ragowar igiya a ƙafa, kada a cusa ƙafar wando a ciki. Idan yaro ya tsaya kuka ga idon sawunsa ya karkato ciki kamar gwiwoyi za su haɗu, takalmin ya yi yawa ko ɗaurin ya yi sako-sako. A sake. Bayan minti goma a kan ƙanƙara ma a sake dubawa, igiya tana saki.

Takalman haya galibi iri biyu ne. Akwai mai haƙora a gaban ƙarfen, akwai na wasan hoki mara haƙora. Ƙarfen mai haƙora ya fi tsawo da miƙewa, ya fi sauƙin tsayuwa ga ɗan koyo, sai dai haƙoran ba birki ba ne, wanda ya jingina a kansu zai kife rub da ciki. Idan kuma ƙafar yaro tana ta sulluɓewa gefe duk da ɗauri ya yi kyau, ƙarfen ne ya dakushe, ku mayar a canza. Da takalmin a ƙafa, a kan shimfiɗar roba kawai ake tafiya, siminti yana cinye kaifin.

A kan wannan robar ku koya masa faɗuwa da tashi, sau uku ko huɗu, cikin wasa. In ya ji zai tafi, ya durƙusa kamar zai zauna a kujera, ya sauke haɓa kan ƙirji, ya saki jiki gefe guda a kan cinya, ya dunƙule hannaye kusa da jiki. Tashi kuwa sai ya koma rarrafe, ya kawo ƙafa ɗaya tsakanin hannayensa, ya dafa gwiwar da hannu biyu, ya tura sama. Yaron da ya iya tashi da kansa ba ya tsoron faɗuwa, kuma tsoron ne ke sandarar da jiki.

A shiga a gefe-gefe, hannu ɗaya a kan shinge. Zagayen farko ba zamiya ake nema ba, tatata ce: gajerun taku kamar macin soja, gwiwa a lanƙwashe, hannaye a gaba kamar an ɗora su a kan teburi, ido a inda za a je. Mai kallon ƙafarsa can zai bi ta. Bayan taku biyar ko shida ya haɗa ƙafafu ya bar jiki ya tafi da kansa. Tsayawa kuma, ya juyo kan yatsu ciki kaɗan, ya tura ƙarafen waje suna kankarar ƙanƙara. Idan ya fara tangaɗi, kalma biyu sun isa: “Dafa gwiwa!” Wannan ke hana faɗuwa ta baya, wadda ita ce mai kai ƙeya ƙasa.

Kowa hanya ɗaya yake bi, galibi saɓanin tafiyar agogo, tsakiya kuma ta ƙwararru ce. Kada babba ya saɓa yaro a kafaɗa ko ya rungume shi a kan ƙanƙara, komai gwanintarsa. Kada a yi jerin riƙe-riƙen hannu, ɗaya ya zame ya kwashe sauran. Idan ku ma ’yan koyo ne, ku tsaya ta wajen shinge ko ku nemi mai koyarwa. Abin turawa da wasu filaye ke bayarwa, wanda yaro ke dafawa yana tura shi gaba, yana da amfani na minti goma sha biyar, bayan nan yana koya wa yaro rusunawa gaba, sai a janye shi.

Ku duba jadawalin filin kafin fitowa, domin ana ware wasu sa’o’i ga masu atisaye, kuma safiya ta fi ƙarancin cunkoso. Lokaci-lokaci za a fitar da kowa na kamar minti goma, motar gyaran ƙanƙara ta shigo. Zamboni ake ce mata, sunan mutumin da ya ƙirƙiro ta a Kalifoniya a 1949. Tana aske saman, ta kwashe garin, ta malala ruwa. Yara suna son kallonta, kuma lokacin shan ruwa da zagayawa ban ɗaki ke nan. Da an buɗe, ƙanƙarar ta fi santsi da jiƙa, ku bari manya su fara shiga.

Ɗan shekara 3 zuwa 5 minti 30 ya ishe shi, manyan kuma 45 zuwa awa guda. Faɗuwa a jere bayan ya fara iyawa alamar gajiya ce, ku fito. Wanda ya bugu a kai a fitar da shi nan take, kada ya koma ranar. In ya yi amai, jiri, ko barcin da ba a saba ba, sai asibiti. Haka wuyan hannun da ya kumbura ko yaro ya ƙi motsa shi, kada a ɗauka targaɗe ne a murza, a ɗaure shi yadda yake a kai likita ya duba.