Yadda nake dafa kashayam na ciwon gwiwa, kamar yadda na koya a Kerala

Matar da nake haya a gidanta lokacin da nake karatu a jihar Kerala ta Indiya ba ta wasa da tukunyarta ta ƙasa. Kullum da asuba, kafin in idar da sallah, warin dahuwar ya cika tsakar gida. Kashayam suke kiransa, wato dafaffen ruwan saiwoyi da ɓawo a tsarin maganinsu na Ayurbeda. Wanda take sha don gwiwa sunansa Rasnasaptakam, haɗin tsirrai 7. Biyu daga ciki ba baƙinmu ba ne: saiwar zurma da tsaida, ƙayar nan da ke soke mu a ƙafa muna yara. Da na dawo gida na iske Inna na sallah a zaune, sai na fara dafa mata.

Ki nemi haɗin da aka ɓarza, ba garin da aka niƙa lukui ba. Awonsu kashi 1 na magani, kashi 16 na ruwa, a dafa har ruwan ya koma kashi ɗaya bisa takwas. Ni giram 25 nake zubawa a mililita 400, in sauke da kamar 50.

Ga dabarar da ta fi burge ni. Kafin matar gidan hayar nan ta kunna wuta, sai ta zuba magani da ruwan da take son ya rage a tukunya, ta tsoma tsinke ta yi masa alama da wuƙa, sannan ta cika sauran ruwan. Da wannan tsinken ake sanin an kai. Wuta kuwa 'yar kaɗan, ba a rufe tukunya, ana motsawa jefi-jefi. Ranar farko na yi gaggawa na hura wuta, ruwan ya ƙone tas kafin saiwar ta saki komai, na tashi da baƙin ƙanzo. Ki tace da farin ƙyalle, ki barbaɗa garin busasshiyar citta kaɗan, a sha da ɗumi kafin karin kumallo. Ba a kwana da shi. Ɗaci kam ba a magana, har maɗaci zai sara masa. Inna sai ta toshe hanci take shanyewa, tana hararata.

Sai a kula. Saiwar zurma ake sawa, 'ya'yanta guba ne. Akwai wani tsiro mai suna guduci a haɗin, kuma a 2021 likitoci a birnin Mumbai na Indiya sun ba da rahoton mutanen da hantarsu ta taɓu bayan shan wannan tsiro, don haka mai ciwon hanta ya bar shi, haka mai juna biyu. An kuma sha samun dalma a wasu magungunan Ayurbeda na kwalba, kada ki sayi wanda ba ki san asalinsa ba. In gaɓa ta kumbura ta yi zafi ga zazzaɓi, ko mai amosanin jini ne, asibiti za a nufa.

Na nuna wa likitan Inna sunayen tsirran kafin ta fara, bai kuma tsayar mata da ƙwayoyinta ba. Ta ce sanyin safiya ya rage damunta. Kujerar sallarta dai tana nan gefen darduma.