Kurakuran da muke yi wa ƙwaƙwalwarmu wajen karatu da hadda, da yadda za a gyara su

Jama'a maganar nan ta "ni kaina ba ya riƙe abu" ta yi yawa a bakin ɗalibai, musamman in WAEC ko JAMB ta matso ko an kafe jadawalin jarabawa a makaranta, kuma wallahi abin yana damuna don yawancin masu faɗin haka lafiyar ƙwaƙwalwarsu ƙalau, hanyar da suke bi da ita ce ba daidai ba. Har wasu sun haƙura da karatu gaba ɗaya suna ganin su daƙiƙai ne, alhali ba a taɓa nuna musu yadda kan ke ajiye abu da yadda yake ciro shi ba.

Babban kuskuren, wanda shi ya haifi sauran, shi ne ɗaukar ƙwaƙwalwa tamkar memori kad na waya, ka tura abu ya zauna yadda yake, ranar da kake so ka buɗe. Ba haka take aiki ba sam. A cikin kan mutum akwai ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, kowace tana haɗe da dubban 'yan'uwanta, kuma abin da ka koya yana zama ne a ƙarfin waɗannan mahaɗan, wasu su ƙara ƙarfi wasu su yi rauni. Wani masanin ƙwaƙwalwa Eric Kandel ya nuna hakan a jikin wata dodon koɗin teku har aka ba shi kyautar Nobel a 2000. Sannan abu ɗaya da ka tuna ba a wuri ɗaya yake ba, hoton yana can ɓangaren gani ta ƙeya, sautin yana wajen ji, tsoro ko farin cikin da ya zo da shi yana wani wajen daban, wani sashe da ake kira hifokamfus shi ke ɗaure su tare tun farko. To duk lokacin da ka tuna abu sake harhaɗa shi kake yi. A 2000 Karim Nader da abokan aikinsa a New York sun gwada a ɓeraye, suka ga cewa in aka tayar da tsohon abin da ɓera ya riƙe, abin yana yin laushi na ɗan lokaci sai ƙwaƙwalwa ta sake kafa shi, in aka hana ta sake kafawar da magani sai ya raunana. Kamar katangar ƙasa ce da ake yi wa yaɓe duk shekara, yaɓen ne ke hana ta zubewa, amma bayan shekaru ƙasar da kake gani a fuskarta ba ta ranar gini ba ce. Ka riƙe wannan don duk abin da zan faɗa daga nan ya taso.

Mu fara da wanda ya fi cin ɗalibai, maimaita karantawa. Mutum ya ɗauki handawut ya karanta sau biyar, ya ja layi da biro ja da kore, shafin ya zame masa sananne, yana kallo yana cewa ai na san wannan. Ka gane shi dai in ka gan shi, wannan daban yake da ka iya fito da shi in babu takarda gabanka, kuma a zauren jarabawa na biyun ake tambayarka. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke a Amurka sun ba ɗalibai gajeren rubutu, wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu suka karanta a zama ɗaya sannan aka karɓe takardar aka sa su rubuta abin da suka tuna har sau uku. Bayan minti biyar masu maimaita karantawa ne a gaba, amma bayan sati ɗaya sun tuna kusan kashi 40 cikin 100 ne kawai, masu gwada kansu suka tuna kusan kashi 61. Abin da ya fi taɓa ni a binciken, masu maimaita karantawar su suka fi yarda cewa za su tuna. Wato hanyar da ta fi daɗi a rai ita ta fi yaudara.

Gyaran ba wuya amma yana da ɗaci. Karanta shafi, rufe littafin, ɗauki farar takarda ka rubuta duk abin da ka tuna ko ka faɗa da baki, sannan ka buɗe ka ga inda ka yi tuntuɓe. Za ka ji kanka yana wahala, za ka ji kamar ba ka san komai ba, to wannan wahalar ita ce aikin, kar ka gudu. Tsofaffin tambayoyin jarabawa ma haka, kar ka karanta tambaya da amsarta tare, amsa da kanka tukuna ko da za ka faɗi. Ku yi ta yi wa juna tambayoyi da abokin karatu, ko ka zaunar da ƙanwarka ka yi mata bayani ba tare da leƙa littafi ba. Kuma fa wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu, duk wanda ya yi makarantar allo ko islamiyya ya san ba a yi maka ƙari sai ka biya wa malam na jiya da ka, ba a wanke allo sai karatun ya zauna. Mun san hanyar, da muka shiga boko ne muka ajiye ta a bakin ƙofa.

Sai tara karatu wuri ɗaya, zango guda ba a buɗe littafi ba, saura kwana biyu a ce za a cinye kos gaba ɗaya. Tun 1885 wani Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya zauna yana haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana yana auna yadda suke zube masa, ya ga cewa mantuwa ta fi gudu a awannin farko da ranar farko, daga nan sai ta rage sauri, kuma in ka raba maimaici a kwanaki ya fi ka tara shi rana ɗaya. Awa shida da ka raba a kwana shida ta fi awa shida a dare ɗaya nesa ba kusa ba, in dai so kake abin ya daɗe. Abin da aka koyar yau ka waiwaye shi da daddare ko gobe, sannan bayan kwana uku, sannan bayan sati, sannan bayan wata, kowane waiwaye kuma da littafi a rufe. Ba sai ka bi wannan lissafin sak ba, abin nufi dai ka bari ya fara ɗan dusashewa sannan ka ciro shi. Mahaddata Alƙur'ani sun fi kowa sanin wannan, gwani da ya shekara talatin da hadda bai daina tilawa ba, kuma hadisi ya zo a Bukhari da Muslim cewa a riƙa bibiyar Alƙur'ani don ya fi raƙumi saurin kufcewa daga dabaibayinsa. Wanda ke ta ƙari ba muraja'a yana gaba baya na zubewa.

Wannan ya kawo mu ga TDB, karatun kwana har asuba da Nescafe ko goro, wasu har da tsoma ƙafa a ruwan sanyi. Ɗan'uwa, barci ɓangare ne na karatun. A 1994 Matthew Wilson da Bruce McNaughton sun sa na'ura a hifokamfus ɗin ɓeraye, suka ga ƙwayoyin da suka yi aiki tare lokacin da ɓera ke yawo a wani fili sun sake yin aiki tare lokacin da yake barci, wato kan yana yin tilawarsa da kansa kana kwance. A cikin barcin ne sabon abu ke samun gindin zama. Kuma wanda bai yi barci ba washegari ma hifokamfus ɗinsa ba ya ɗaukar sabon abu da kyau, asara biyu ke nan. Na san wasu da rana suna kasuwa ko wajen aiki, ko sai dare ake kawo wuta, ba laifi a yi karatun dare, amma a tsaya a kwanta. Babba yana buƙatar wajen awa bakwai, ɗan sakandare ya fi haka. Daren jarabawa musamman, gara ka bar babi ɗaya ba ka taɓa ba ka yi barci da ka shiga zaure kanka na juyawa.

Waya kuma ba sai na ja ba. Abin da kai ke iya riƙewa a lokaci ɗaya kafin ya shige ciki kaɗan ne ƙwarai, George Miller a 1956 ya ce wajen bakwai, daga baya Nelson Cowan ya ce ai wajen huɗu ne. Shi ya sa lambar waya mai lamba 11 muke karya ta gida uku in za mu faɗa. In WhatsApp ya cinye biyu cikin huɗun nan me ya rage wa karatu? Sau da yawa abin da muke cewa mun manta bai ma shiga ba tun farko. Kai wayar wani ɗaki, kifa ta a gefenka bai isa ba.

Akwai kuma masu karanta lissafi da fizis kamar labari, suna bin misalin malam da ido suna gyaɗa kai. Labarin Henry Molaison zai nuna maka me ya sa hakan ba ya yi. A 1953 yana ɗan shekara 27 wani likita William Scoville ya yi masa tiyata a Amurka saboda farfaɗiya mai tsanani, ya cire masa yawancin hifokamfus na ɓangarorin biyu. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma daga ranar har ya mutu a 2008 ya kasa riƙe sababbin abubuwan da ke faruwa da shi, ka gaisa da shi ka fita ka dawo sai ya karɓe ka kamar baƙo. Wata mai bincike Brenda Milner ta sa shi zana tauraro yana kallon hannunsa ta madubi, aiki mai wuya, kwana uku yana yi kullum hannun yana ƙara ƙwarewa, amma duk zuwa bai san ya taɓa yi ba. Daga nan aka gane cewa sanin abu da iya abu hanyoyinsu daban a cikin kai. Don haka lissafi, ɗinki, tuƙi, taifin, ɗaura allura ga ɗaliban jinya, sai hannu ya yi. Rufe misalin ka warware da kanka, ka ɓata, ka sake.

Yanzu bari in bar aji in shigo gida, don wannan kuskuren ya raba zumunci da yawa, wato ɗaukar cewa tunda na tuna abin sarai kuma zuciyata ta natsu to haka ya faru. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa mutane bidiyon haɗarin mota, sai aka tambayi wasu gudun nawa motocin ke yi da suka bugi juna, wasu kuma aka ce da suka ragargaji juna. Na farko suka ce wajen mil 34 a awa, na biyu wajen 40. A gwaji na biyu bayan sati aka tambaya ko sun ga fasasshen gilas, 16 cikin 50 na masu kalma mai zafi suka ce e, 7 cikin 50 a ɗaya ɓangaren, alhali babu gilas ko ɗaya a bidiyon. Kalma ɗaya ta shiga cikin yaɓen. Haka da kumbon Challenger na Amurka ya tarwatse a Janairun 1986, Ulric Neisser ya sa ɗalibai a jami'ar Emory suka rubuta washegari inda suke lokacin da suka ji labarin da wanda ya gaya musu, bayan shekara biyu da rabi aka sake tambayarsu, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba su dace da komai ba cikin abin da suka rubuta da hannunsu, kuma da yawansu suna da tabbaci sosai.

To ka duba rigimar bashi, ta gado, ta "ai ce mini ka yi", ta miji da mata a kan wa ya fara faɗin me. Zai yiwu mutum biyu su rantse kowa da gaskiyarsa a zuci kuma labarinsu ya saɓa, ba lallai ɗaya maƙaryaci ne ba. Kar ka yi saurin jifan ɗan'uwanka da ƙarya, kuma kar ka ɗauki naka tunanin kamar kyamara. A rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ne a rubuta bashi a kafa shaidu, amma har yau muna jin kunyar ce wa aboki mu sa a takarda. Ko saƙon tes ka tura masa a ranar ya amsa. In kuma yaro kake tambaya abin da ya faru, ce masa "gaya min me ya faru", kar ka ce "wane ne ya dake ka ko", don kana iya dasa masa abin da bai gani ba, gobe ya faɗa yana kuka da iya gaskiyarsa.

In suna ko aya ta maƙale maka a baki kuwa ba ta goge ba, hanyar zuwa gare ta ce ta toshe, shi ya sa liman in ya kakare kalma ɗaya mamu zai ja masa sai sauran ya biyo. Koma baya kaɗan ka taho, tuna inda ka koya, in ta ƙi ka bar ta ka wuce tambaya ta gaba.

Sai maganar iyayenmu tsofaffi. Manta inda aka ajiye makulli ko sunan jika na ɗan lokaci ba abin tashin hankali ba ne. Amma in Baba ya fara ɓata a hanyar masallacin da ya shekara arba'in yana bi, ko Inna tana maimaita tambaya ɗaya sau da yawa a zama guda, ta bar tukunya a wuta, ta fara zargin an sace mata kaya, don Allah kar a ce rigimar tsufa ce kawai a share, kuma kar a yarda wani ya jefe ta da maita ko a tsaya a kan jifa aka yi mata. Yana iya zama cutar Alzheimer, wadda takan fara taɓa yankin hifokamfus, shi ya sa za ka ga tana ba da labarin aurenta tiryan-tiryan amma ba ta tuna ta ci abincin rana ba. Yana kuma iya zama ƙarancin bitamin B12, ko matsalar maƙoƙo, ko ciwon damuwa, ko wani magani da take sha, waɗannan kuwa ana iya magance su in an gano. Hawan jini da ciwon suga da ba a kula da su ba suna lalata ƙananan hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa su kawo mantuwa. A kai su asibiti da wuri, a tafi da duk magungunan da suke sha a leda, kuma wanda ke zaune da su kullum shi ya raka su don shi zai iya gaya wa likita yaushe abin ya fara da yadda yake ƙaruwa.