Yadda ake zaɓen wasan daɓe mai waƙa idan an sauka Yamai

Daga Maraɗi zuwa Yamai tafiyar kilomita wajen 660 ce, yini guda cur a cikin kar. Wanda ya sha wannan hanya, ko takardu suka kai shi ko ziyarar dangi, ya cancanci dare ɗaya da zai zauna gaban dandali ya kalli wasan da zai wanke masa zuciya. Ina nufin teyatur irin wanda ake saƙa labarinsa da waƙa da rawa, wanda muka gada tun zamanin samariya, lokacin da matasan jihohi ke karawa da juna a bikin matasa na ƙasa.

Fara cigiya tun kana gida, domin ba kullum ake yin wasan ba. Duba abin da aka shirya a Cibiyar Al'adu ta Umaru Ganda, wadda aka sa wa sunan mai shirya fim ɗin nan da ya rasu a 1981, da kuma gidajen matasa da al'adu. Ka kira ɗan'uwanka na can ya sa maka kunne a rediyo. Wajen 3 ga Agusta, ranar ƴancin kai, da 18 ga Disamba, ranar jamhuriya, shagulgula sun fi yawa. Duk wanda ya ga Maraɗi Kwalliya, bikin 18 ga Disamba da aka yi a Maraɗi a 2015, ya san yadda gari ke cika.

Sai harshe. Yamai garin Zabarmanci ne da Faransanci, ga Hausa kuma ko'ina. Tambayi da wanne za a yi wasan, don karin magana da habaici ba sa jiran tafinta.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne wannan: makaɗa za su hau dandali, ko kiɗan na'ura za a saka ƴan wasa suna motsa baki? Na taɓa biyan kuɗi na shiga wani wasa da aka yi ta yabonsa, ashe duk waƙoƙin an naɗe su ne tun da wuri. Da wuta ta ɗauke, wurin ya yi tsit, ƴan wasa suka tsaya cirko-cirko, kuma na ji tausayinsu har raina. Wani dare daban na zauna kusa da mai kalangu, ina ganin yadda yake matsa tsarkiya a hammatarsa, kiɗan yana hawa da sauka daidai da muryar yarinyar da ke ba da waƙa. Da ƴan amshi suka karɓa, wata dattijuwa a gefena ta rangaɗa guɗa, tsigar jikina ta tashi. Idan aka ce maka akwai kalangu ko gurmi ko goge a kan dandali, kada ka yi jinkiri.

Daga nan ka nemi jin kan labarin, ba sai an warware maka ƙarshensa ba. Wasa mai daɗaɗa rai yakan taɓo wahala: auren dole, ɗan da ya tafi ci-rani, rigimar gona tsakanin ƴan'uwa. Abin tambaya ga wanda ya riga ka gani shi ne, "Malam, da aka tashi, yaya ka ga fuskokin mutane?" In ya ce sun fito suna rera waƙar ƙarshe, ka samu abin da kake nema. In kuma da iyali za ka, ko za ka raka Hajiya, ka ƙara tambaya ko akwai rawa ko zancen da zai sa ka sunkuyar da kai a gabansu.

Yanki tikiti da rana, ka ware ƴan jikkuna na taksi, zuwa da dawowa. Ka isa da wuri ka kama wuri a tsakiya, nesa kaɗan da lasifika, inda za ka ga fuskokin ƴan wasa. Dandalin da ba rufi yana da sanyi a hunturu, ka riƙe rigar sanyi. In kar ɗinka ta komawa Maraɗi da asuba za ta tashi, ka ɗaure kayanka tun kafin ka fita kallo.